Farcen da Na Kusa Bari a Kanti

Shekarun baya, ban daɗe da kama aiki a Dubai ba, mahaifiyata ta kira ni. Bikin ƙanwata ya matso, kuma a gidanmu ba a kai amarya da turaren wutar kasuwa, mahaifiyarmu ce take haɗawa da hannunta. Ta ce in sayo mata sandal da lubban da farce, in ba abokina da zai tashi zuwa Kano da yammar nan. "Kada ka manta farcen, in babu shi na fasa haɗawa."

Na shiga kwalekwale daga Bur Dubai na haye zuwa kasuwar kayan ƙamshi, ina tafe ina jin kaina gwani. Sandal da lubban ba su ba ni wahala ba. Da na ce farce, mai kanti ya miƙo min wasu baƙaƙen ɓawo na dodon koɗin teku. Ina kai hanci na ja baya, ƙarnin busasshen kifi sak! Na ce wato an ga baƙo za a sayar masa da shara. Na ture na ce, "Khalas, ba na so."

Wani dattijo da ke zaɓen lubban ya tuntsire da dariya. "Shwaiya shwaiya, habibi," in ji shi da Larabci, wato sannu-sannu, abokina. Ya ce shi Bayahude ne, kuma kakanninsu da irin wannan farcen suke haɗa turaren ibada a babban ɗakin bautarsu na Ƙudus, sai an jiƙa an wanke ƙamshinsa ke fitowa. Har akwai wani ƙaro mai wari da dole a zuba, in an bar shi turaren bai cika ba. Malamansu sun ce haka jama'a take, ba a tsame mai mugun hali a bar na kirki kaɗai.

Na saya ina toshe hanci. Abokina kuwa har filin jirgi yana tsine min, wai na mayar masa da akwati kasuwar kifi.

Bayan biki mahaifiyata ta kira tana murna, ta ce dangin ango har roƙon ragowar turaren suka yi. Na ji daɗi ƙwarai, sai na kwashe labarin dattijon na ba ta, har da batun ƙaro mai wari.

Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta sai amsarta ta faɗo min in yi dariya ni kaɗai. Cewa ta yi, "Ai na riga shi sani. Ka ga na taɓa cire ka daga cikin 'ya'yana?"