Zanen da Na Kwance a Jikin Jikana

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, wannan ma da kuke karantawa 'yar maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa mata. Lokacin da abin nan ya faru na yi 'yan shekaru da baro zangon Kumasi. Ɗana ne ya kawo ni Manchester, unguwar Cheetham Hill, in riƙa kula da yara, don shi da matarsa duk aiki suke fita. Flat ne, ɗan ƙaramin gida a saman bene, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Abin da ya hana ni zaucewa a ƙasar nan shi ne jikana na fari, yaro ɗan shekara goma ko kusa da haka.

Kun dai san wasan kaka da jika. Ina ce masa maigida, yana ce mini amarya. In na zuba masa tuwo sai ya ce miyar ba gishiri, zai mai da ni gidanmu. Ni kuma in ce mijin da bai taɓa kawo ko albasa ba, ina ya ga bakin magana. A bakina ya koyi Hausa, a cinyata ya koyi waƙoƙin tatsuniya. Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi kwaikwayo. Yakan yi tafiyata da ɗingishin gwiwa, ya yi yadda nake faɗa da matar GP, wato asibitin unguwa, da guntun Turancina, ya yi yadda na taɓa ɗaga wa tram, jirgin ƙasan cikin gari, hannu a tsakiyar hanya kamar motar haya ta Kumasi. In yi ta dariya har da hawaye, in ce ya ƙara.

Ana nan, ana nan, sai wata Baturiya ta zo makarantarsu neman yara masu murya. Aka ce wasa ne irin na kakannin Turawa, wanda ba a magana sai da waƙa, duk barkwanci, yara su sa gemun auduga su zama alƙalai da sojoji. Ubansa ya ƙi, ya ce zai hana shi islamiyya. Ni ce na roƙa masa, ni da bakina. Abin da ban sani ba, matar ta ce kowane yaro ya kawo mata mutum mai ban dariya daga gidansu. Da ya zo ya ce amarya ta ara masa zanen nan na rini wanda mahaifiyata ta bar mini, na ɗauka labule za su yi, na ba shi.

Kwanci tashi aka ce za su yi wasan a wani babban ɗakin taro a Birmingham, ranar Asabar da rana. Na buga wa matan garinmu da ke unguwar Small Heath a can waya ɗaya bayan ɗaya, na ce su zo su ga jikana. Na hau coach, babbar motar bas, na tafi, muka zauna a jere, kowacce ta ci ado. Aka yi kiɗa, aka ɗaga labule, yara suka yi ta tsalle. Can sai ga wata tsohuwa ta fito tana ɗingishi, an zana mata tamoji a fuska, tana ɗaga wa tram na kwali hannu, tana rera karyayyen Turanci. Ɗakin ya ɗauki dariya. Wadda ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, wannan ba zanenki ba ne?" Ba ta yi dariya ba, sauran ma ba su yi ba, sai suka sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi mini ciwo. Abin da ake yi a ɗakina ni da shi, ga shi baƙi sun biya kuɗi suna kallo. Na tashi na fita ban jira ƙarshe ba.

A bakin ɗakin da yara ke sauya kaya na tsaya. Da aka tashi ya fito a guje da zanen a ƙugunsa, yana haki, ya ce, "Amarya, kin gan ni? Ina kika tafi?" Ban daka shi ba, ban zage shi ba. Na sa hannu na kwance zanen a gaban sauran yaran, na bar shi da gajeren wando da fuskar tsohuwa, na ninke a hankali, na ce, "Wasa ya ƙare tsakanina da kai." Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Wasu yara suka fara ƙunshe dariya.

Na cika maganata, wannan shi ne mugun halina. Na sa ubansa ya cire shi daga wasan makarantar. Na daina ce masa maigida. In ya tsokane ni a kan miya sai in miƙa masa gishiri kawai. Ya gwada, ya gwada, har ya bari. Baturiyar kuwa ko waya ba ta bugo ta ji lafiyarsa ba. Ta sayi atamfa a kasuwar Longsight ta ɗaura wa wani yaro, aka ci gaba da dariyata ba ni ba jikana.

Sai bayan shekaru ƙanwarsa ta nuna mini wasan a waya. Ashe a ƙarshe tsohuwar ce ke raba rigimar alƙalai da sojojin, sannan kiɗa ya tsaya, ta rera waƙar renon da nake yi masa, da Hausa tsantsa. An ce shi ya nace sai an sa, har ya ce in ba haka ba ba zai fito ba. Na ga yana rerawa yana duba kujerun da muka zauna, yana sake dubawa.

Yanzu yana jami'a a Birmingham ɗin nan dai. Ba ya waƙa. In ya zo hutu yakan durƙusa ya gaishe ni da ladabi, da Turanci, ya tambayi gwiwata. Kwanan baya na yi ƙarfin hali na ce maigida ya zo hannu rabbana, ko albasa babu. Ya yi murmushi ya ce, "Sorry, Grandma," ya fita ya sayo albasa.

Iyaye, kafin ku miƙa yaro ga masu sa yara a dandali, ku tambayi me zai yi, da wa kuma za a yi dariya, domin su in yaronku ya tafi wani za su ɗauko. Ku kuma tsofaffi 'yan'uwana da aka kawo ƙasar nan, yaran da aka haifa a nan ba su san inda wasan gida ya tsaya ba sai an gaya musu, ni kuwa ban taɓa gaya masa ba. In abu ya ɓata muku rai, ku zauna har a sauke labule. Zanen yana cikin akwatina, na ce a ba shi ranar da na mutu, ban san ko zai karɓa ba.