Ranar da Jirgin Baba Ya Haye Gada

Baba ya ajiye aikin walda a Bahri, ko hutun kirki bai yi ba ya hana mu zubar da gwangwani. Na tumatir, na madara, na kifi, kowanne sai an wanke an kife masa a bayan randa. Umma ta ɗauka murhun gawayi zai riƙa ƙerawa, har ta fara yi masa addu'ar kasuwa. Ashe jirgin ƙasa tsohon zai yi, na wasa, a tsakar gidanmu na Kalakla.

Kuma ba kowane jirgi ba. Ɗan jirgin nan da ke kwasar auduga a Jazira yake so, da tashar da ke gefen kambo, wato ƙauyen 'yan ƙwadagon gona inda aka haife shi. Ya kwantar da tsohuwar ƙofa a kan bulo, ya shimfiɗa dogo da waya, ya zare ɗan injin da ke cikin rikodar Umma ba da saninta ba. Ranar da kan jirgin ya fara tafiya da kansa, Baba ya ƙwala kabbara har maƙwabta suka leƙo ta katanga, sun zaci haihuwa aka yi. Ni kaina, malamar makaranta da 'ya'yana, sai ga ni durƙushe a ƙasa ina tafi. Jirgin ya zagayo ya ture kofin shayin Umma, muka yi ta dariya har hawaye, ban da ita.

Ni dai bakina ba ya shiru, gadon gidanmu ne. Da na ƙare wa tashar kallo sai na ce, "Baba, wannan fa ba Jazira ba ce. Wannan tankin ruwan na bakin gadar Bahri ne. Wannan mai shayin kuma ita ce ta bakin layinmu, har da kujerunta."

"Ke me kika sani?" in ji shi. "Da ƙafata na taka wurin nan. Duk abin da kika gani daga kaina ya fito."

"Daga kanka ya fito, amma jiya ya shiga."

Ya kore ni da filaya. Haka muka yi ta yi kullum da la'asar, shi yana cewa yarintarsa yake ginawa, ni ina cewa abin da yake gani ta tagar bas yake kwafa.

Abu guda ne ban taɓa tsokanarsa a kai ba. A bakin dogon ya tsayar da wata 'yar mata ta waya da tsumma, da ɗan yaro a gefenta. Innarsa ce. Ta rasu yana ƙarami ƙwarai, ba hoto, ba komai. Abin da ya rage masa nata duka-duka shi ne wannan tsayuwar: ita da shi suna jiran jirgin auduga ya wuce. Wata rana yana goge ta da bakin rigarsa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Idan tankin na Bahri ne, to ita fa? Ko ita ma ƙirƙirarta na yi?" Nan dariyata ta ɗauke, na ji kunyar kaina.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da za ta iya raba gardamar: Gwaggo, yayarsa, da ke zaune a Umdurman. Ƙafa ta hana ta fita. Baba ya ce tunda ba za ta zo tasha ba, tasha za ta je mata.

Muka ɗauko a-kori-kurar wani maƙwabci, muka ɗora ƙofar da duk abin da ke kanta. Baba ya ƙi shiga gaba. Ya zauna a baya da farar jallabiyarsa da rawani, ya rungume tashar, ni kuma na riƙe taragai a cinyata kamar ƙwai. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi salati, audugar da ya cika taragan da ita tana ta tashi tana manne mana a gira. A kan gada cunkoso ya tsayar da mu kusa da wata bas. Kwandastan ya leƙo ya ce, "Ya Hajj, gatar ɗin nan ina ya nufa? Akwai wuri?" Wai jirgin yake tambaya. Maimakon Baba ya share shi, sai ya karɓi taragan daga hannuna ya jera, ya haɗa batir. Jirgin ya kama zagaye a tsakiyar gada, Farin Nilu na gudana a ƙarƙashinmu. Fasinjoji suka yo kan tagogi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Baba yana yi musu kukan jirgi da baki. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ni ma har muryata ta dushe.

Gwaggo na kishingiɗe a kan gadon igiya a inuwar darbejiya muka shigo da kayanmu. Aka ajiye mata ƙofar a kan kujeru biyu. Ta sa tabarau, ta kalla daga wannan gefe zuwa wancan, Baba na tsaye yana murza hannu kamar ɗalibi gaban allo.

"Auta," ta ce. Gemunsa fari fat, amma a bakinta har yau Auta ne. "Wannan wace duniya ce?"

"Tasharmu ce, Yaya."

"Wace tasha? Mu muna da mahatta, wai tashar jirgi? Jirgin tsayawa kawai yake yi a fili, a loda, ya wuce. Wannan rumfa daga ina? Wannan tanki fa? Da muna da tanki za mu riƙa shan ruwan kwatar ban-ruwan gona? Kuma mai shayi! A kambo! Wa zai saya, jakai?"

Ta yi ta ɓaro su ɗaya bayan ɗaya, tana dariya tana dukan cinya. Jirgin ma wai ya yi girma, na gaskiyar bai fi tsayin mutum ba, shi ne dai yake ɗan tsugul a lokacin. Da farko ina taya ta, don ga shi na ci gardama. Da na ga fuskar Baba sai na kama bakina.

Sai hannunta ya kai kan 'yar matar.

"Wannan kuma wace ce da tobi, lafayar matan birni?"

"Inna ce."

"Inna ba ta taɓa naɗa tobi ba har ta koma ga Allah. Zane take ɗaurawa da mayafi, yadda ta taso da su daga yamma." Ta ɗago ta kusa da ido. "Ga shi ma wuyanta ya karkace, a mota ne halan. Bari in miƙar."

Baba ya yi wuf ya riƙe mata hannu. "Kar ki taɓa. Haka take."

"Wa ya ce maka?"

"Ba wanda ya ce. Na sha miƙar da shi, sai in ga ba ita ba ce, in mayar."

Gwaggo ta zare hannunta daga nasa. Ta juya 'yar matar a tafin hannunta, kan ya karkata, kunnen dama ya yo gaba. Ta daɗe tana kallo kafin ta cire tabarau.

"Kunnenta na hagu ba ya ji," ta ce. "Zazzaɓi ya kashe shi tun a hanyar zuwansu daga yamma. Ba ta son a sani, ko Baffa, mahaifinmu, ba ya zancen. In tana sauraron jirgi haka take yi da kanta. Ni kaina na manta, wallahi na manta."

Baba ya zauna a ƙasa, a nan gefen gadon, bai ko tattare jallabiyar ba.

"To na gan ta ke nan, Yaya?"

"Ka gan ta."

Ya jinjina kai. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ina ta kiranta ranar. Ina son in nuna mata jirgin. Ba ta juyo ba. Na ɗauka fushi take yi da ni."

Gwaggo ta dubi inda ya kafa ɗan yaron a kan ƙofar. Ta sa yatsu ta cire shi.

"A hagu ka tsaya, sakarai," ta ce, hawaye na bin kuncinta.

Ta mayar da Inna wurinta, ta tsayar da yaron a damanta.