Hotunan raƙuman Tenhya

Ban taɓa mantawa da wata Juma'a ta farkon damina ba, lokacin ina riƙe da biron, wato ofishin, kamfaninmu na Tanout. Ku da kuka zo bayanmu kun tarar da ƙa'idar rufe saba a rubuce, kuna ta ƙorafi wai ta yi tsawo. Bari ku ji inda ta samo asali.

Ga wanda bai san aikin ba, mu hayar wuri muke bai wa masu shafin intanet. Saba ita ce babbar na'urar da ke ajiye shafukan. A lokacin uku gare mu, dukkansu haya muka yi a wani kamfani na ƙasar waje. In mutum ya biya, manhajar biyan kuɗi ce ke buɗe masa asusu da kanta, ta zaɓa masa sabar da zai zauna. Tsarin da patron, mai kamfanin, ya sa mata shi ne ta kai duk sabon asusu wadda ta fi sarari, don kar ɗaya ta ɗauki kaya fiye da sauran.

Ta ukun ta tsufa, faifanta ya fara ciwo. Tun kafin rani patron ya yanke a bar ta. Abokan aikinmu na Zinder suka kwashe duk asusun da ke cikinta suka raba wa biyun, aka daina yi mata kwafin ajiya, aka sanar da masu ita cewa ba za mu sabunta haya ba. Su kuwa in wa'adi ya cika, na'ura ce ke share komai, ba mutum ba. Wa'adin ya faɗo ranar Juma'ar nan da azahar.

Da hantsi Malama Hadiza ta kira ni daga Belbédji. Ita ce sakataren wata ƙungiyar makiyaya, kuma ni da bakina na jawo su wurinmu. Rani guda ta yi tana bin rijiyoyi tana ɗaukar hoton kowane raƙumi da shaidar da ke jikinsa, don in an sace ko ya ɓata a sami abin nunawa a kasuwa ko gaban jandarma. Tana ɗorawa a shafin, tana gogewa daga wayarta saboda wuri ya yi mata kaɗan.

“Malam Laminu, shafin namu yau tafiya yake kamar jakin da ya ƙi hanya,” in ji ta. “Ko rezon intanet ne?”

Na ce ta ba ni minti kaɗan in duba. Ina buɗewa na ga asusunsu a kan saba ta uku. Na goge ido na sake dubawa. Nan take gumi ya keto mini. Ashe da aka kwashe kayan sabar, ba a cire sunanta daga rukunin da manhaja ke zaɓa ba. Manhajar kuwa ta duba ta ga wadda ta fi kowa sarari, sai ta yi ta tura mata duk wanda ya biya tun daga ranar, har da ƙungiyar makiyayan. Abin da aka umarce ta shi ta yi, ba ta san wurin ya zama kufai ba.

Na kira patron, domin shi kaɗai ke da mabuɗin shiga wurin masu hayar, shi zai iya ɗaga wa'adin. Wayarsa ba ta shiga. Na kira Zinder, Musa ya ɗauka.

“Patron ya kama hanyar Agadez tun asuba,” in ji shi. “Sai ya kai inda akwai rezo.”

“To ku taimaka mini mu kwashe.”

“Zan ɗauki ƙananan asusun. Amma na makiyayan nan, wallahi faifan ba zai ba ka shi da sauri ba. In mu biyu muka ja, zai mutu gaba ɗaya.”

Na fara kwafe hotunan zuwa saba ta ɗaya. Malama Hadiza ta jera su ne rijiya rijiya, haka suke wucewa, a hankali kamar ana tatsar busasshiyar akuya. Ina kallon agogo, ina kallon allo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba korar aiki nake tunani ba. Fuskokin mutanen nake gani, waɗanda na zauna a tabarmarsu na sha shayinsu na ce musu abin da aka sa a wurinmu ba ya ɓata. Ga shi ruwa ya sauka, sun yi arewa da dabbobinsu, ba mai sake tara su sai wani rani.

Ana cikin haka hadari ya taso, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, rezo ya bi shi. Kwafin ya tsaya. Na rungumi ordinatar, wato kwamfutar, na fita cikin iska, na hau babur zuwa bakin tasha inda wani layin waya yakan kama. A rumfar wani mai shayi na tsuguna na sake haɗawa. Yana ta tambayata ko an yi mini rasuwa ne.

Malama Hadiza ta sake kira.

“Ka yi shiru, Malam. Lafiya dai?”

“Malama, kar ki taɓa shafin. Ki yi mana addu'a kawai.”

“Innalillahi. Hotunan ne?”

Na ce su ne. Ta kashe wayar.

Aka yi kiran salla, mutane suna wucewa masallaci da dardumarsu, ni ina durƙushe. Saura rukuni ɗaya, na rijiyoyin Tenhya. Ya fara wucewa, hoto na farko, na biyu, sai allo ya rubuta cewa an yanke haɗi. Na gwada, na sake gwadawa. Saba ta uku ba ta duniya.

Da la'asar na kira ta na ce kusan komai ya tsira, ban da na Tenhya.

“Mutanen Tenhya ne suka ƙi tun farko,” in ji ta. “Sai da na kwana na tashi a zangonsu kafin dattijonsu ya yarda. Ni ba zan iya faɗa musu ba. Kai za ka je.”

Da suka dawo da rani na je. Dattijon, Baba Ghali, ya saurare ni har na gama, bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko ɓarawo ne ya shiga. Na ce a'a. Wuta ce? Na ce a'a, mu ne muka bar wurin a buɗe bayan mun tashi daga cikinsa. Na roƙe shi ya bari a sake ɗauka, kyauta.

“Yaro, ka sha shayinka,” in ji shi. “Raƙumanmu mun san su. An ɗauke su sau ɗaya, ya isa.”

Shi ya sa ƙa'idar ta fara da cire saba daga rukuni kafin a taɓa asusu ko ɗaya, ta ƙare da sake leƙa cikinta ranar da za a share. Manhaja sarari kawai take gani, ba ta tambayar dalilinsa. Mutane kuma za su iya yafe maka kuskure, amma ba lallai su sake ba ka amanarsu ba. Ƙungiyar tana tare da mu har yau, in kun buɗe shafinsu za ku ga Tenhya da hoto biyu kacal.