Maganin Haihuwar da Na Kai Jidda

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da ƙanwata. A baki Umara za mu, amma ni da wata manufa a raina. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, ta daɗe da aure, ɗa ɗaya tal, kuma mun shirya haɗuwa a Jidda. A ƙasan akwatina akwai ƙullin sassaƙen haihuwa, na naɗe shi cikin tsohon zani.

Jidda ta tarbe mu da gumi mai danƙo. Muka sauka a Sharafiyya gidan ɗan yayata, unguwar da shago ke bin shago. Kullum da safe sai ya shigo da burodi mai zafi da dafaffen wake yana cewa, "Yalla, Inna, a ci." Tsadar tasi kuwa ta koya mana tafiyar ƙasa.

Ranar da 'yata ta iso na ja ta ɗaki, na kwance ƙullin. Ta yi dariya har da hawaye, can sai na ga hawayen na gaske ne.

"Umma, lafiyata ƙalau. Da gangan muka tsaya."

Ta ce tsofaffin da take jinya yawancinsu gidan yawa suka tashi, don bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun yi auren wuri, sun yi ta haihuwa. Daga baya ƙwayar tsarin iyali ta zo, mata suka shiga karatu da aiki, aure ya ja baya, haya da gidan raino suka cinye albashi. Haihuwa ta yi ta raguwa.

"Da na haihu, ni na dafa wa kaina ruwan wanka. Ban yi arba'in ba na koma aiki."

Tausayinta ya kama ni. Amma ni ba a kawo mini matsala in tsaya kallo.

"In akwai mai riƙe miki fa?"

"Da tuni ɗana ya yi ƙanne."

Muka yi Umararmu, muka dawo Kano lafiya. Tafiyar ta nuna mini haihuwa ba aikin mace ɗaya ba ne, sai da hannuwa a kusa. Na damƙa wa ƙanwata shagona, na shiga neman bizar Amurka. Sanyi nake tsoro fiye da komai a duniya, amma na riga na sayi rigar sanyi.