Labulen Kakar Fergus

Fergus Kincaid mai gyaran famfo ne a wani ƙaramin gari a Karolina ta Arewa. Bai taɓa taka Sukotland, ƙasar kakanninsa, ba, amma in ana hirarta har ƙwalla yake yi. Shekara talatin shi ke riƙe tutar zuriyarsu a taron shekara-shekara na 'yan asalin ƙasar, sanye da siket mai gidan dara irin na mazan can, wanda aka ɗinka da ƙyallen da ya tsinta a akwatin kakarsa. Kowace zuriya da irin zanenta, kuma nasa aka ɗauka a matsayin na asali, har maza arba'in suka kwaikwaya.

Bana aka gayyato wata tsohuwar masaƙiya mai suna Morag daga can Sukotland. Ta murza bakin siket ɗin, ta ɗago kai.

"Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

"Gadon kakata ne, Iya. Da shi ta tsallako teku."

"Na yarda. Labulen kicin ne. Irinsa ke tagar uwata."

Fergus ya waiwayi mazan nan arba'in, kowa ƙwauri a waje, masu busa algaita mai jakar iska sun fara hura jakunkunansu. In maganar ta fita, tuta ta bar hannunsa ke nan.

"Iya, amma dai a Sukotland aka saƙa shi?"

"A garinmu ma kuwa."

"To, magana ta ƙare."

Ya ɗaga tuta, aka bi shi. Morag ta fi kowa tafi. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin labule yana maci ba.