Littafin Igwa na Bappa

Wata Juma'a ce a daminar 1994, bayan la'asar. Dattawan unguwarmu ta Majidaɗi na zaune gindin darbejiya, Bappa, yayan mahaifina da ya riƙe ni, yana ba su labarin da ya fi so. Tsohon sojan igwa ne, yana saurayi aka tura shi kwas Ingila. Can aka kai su wata tsohuwar ganuwar dutse a bakin teku, manyan igwogi jere a kanta suna fuskantar ruwa, an girke su don jiragen abokan gaba. Ya ce akwai wadda ƙato zai zura kansa a bakinta har kafaɗa. Malam Buba tela ya tuntsire da dariya ya ce, "Soja, kai da ko kwale-kwalen ƙetare kogi a Lau ba ka shiga sai da salati?" Bappa bai ji haushi ba, ya leƙo zaure ya ce, "Jummai, ɗauko mini littafin nan mai hotunan ganuwar na cikin akwati."

Ni kuwa na san abin da ya rage na littafin. Shekarata goma sha ɗaya, ba a sa ni boko ba, aikina ɗiban ruwa da surfe, sai tallan soyayyiyar gyaɗa da yamma. Da takardar ƙunshi ta yanke mini, na buɗe akwatin na ga takardar littafin mai sulɓi, mai ƙwari, ba ta shan mai. Na dinga yaga ina naɗe gyaɗa, har ina yabon kaina da wayo. Ganuwar da igwoginta, rabin mutanen unguwar Barade sun ci gyaɗa a ciki sun yar a kwata.

Bango kawai na miƙa masa. Ya buɗe, ya dubi inda aka yaga, ya dubi farantin tallana da ke ajiye a zaure. Sai ya rufe ya ce, "Gara ta cinye." Aka yi ta dariya, Malam Buba har da buga cinya. Daga ranar suka laƙaba masa suna Bature, shi kuma bai sake ba da labarin ba har ya rasu. Bai doke ni ba. Da ma ya doka.

Sai da na haifi huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bangon na nan wurina, yanzu ina karanta sunansa da ya rubuta a ciki. Yarana kan nuna mini irin ganuwar a waya, igwogin na nan yadda ya faɗa, amma dattawan da zan nuna wa duk sun tafi. Da bakina a lokacin, kuma ban taɓa rasa magana ba, amma na bar gara ta ɗauki laifina.