Mis Vernadine Mai Gadin Batiran Kwalekwale

Kafin masu gasa burodin kwakwa su buɗe tagoginsu, Mis Vernadine Sambola ta riga ta gangara gaɓa da baronta. Batira ne a ciki, waɗanda suka sha caji a ƙarƙashin farantan sola na rufin ɗakinta. Sai ta bi kwalekwalen da ke ɗaure a jikin gadar katako ɗaya bayan ɗaya. Ta sauke batirin da ya yi sanyi, ta ɗora mai ƙarfi, ta kankare gishirin da ya ci bakin waya, ta shafa giris. Daga nan ta cusa hannu cikin ruwan da ya kwanta a ƙasan jirgi, ta ɗaga ɗan maɓallin nan da ke tasowa idan ruwa ya taru. In famfo ya yi ƙara ya tofar da ruwa waje, ta wuce. In ya yi shiru, mai jirgin zai ji sunansa tun daga gida.

Kwalekwalenmu ba su da rufi, ruwan sama kuma a wannan gaɓar ba ya sallama. Jirgin da famfonsa ya mutu, kafin ka gama cin abinci ya cika, injinsa ya sha ruwan gishiri. Kowa ya san haka, amma mu masunta akwai mu da sakaci. Mu fere kifi a cikin jirgi, ɓawon ya maƙale maɓallin, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya zuƙe batir. Ita ce ke tsince wannan ƙazantar da yatsunta, tana yi tana faɗa.

Babban halinmu shi ne na watan Mayu. A watan ne muke rawar zagaya itace, kuma a watan ne damina ke faɗuwa. Lasifika tana son batir, batir mafi kusa kuwa yana cikin jirgi.

Wata shekara Fitzroy Cuthbert, mai ’ya’ya cike da gida da jirgi ɗaya tak, ya ciro nasa da hantsi. Ta tare shi a kan gada.

“Fitzroy, ina za ka da wannan?”

“Haba Anti, aro ne fa! Dubi sama, tas take. Kafin la’asar na mayar.”

“Sama ce ta yi maka alkawari? Kai da ko wandonka ba ka iya shanyawa ya bushe.”

Ya yi dariya ya wuce da abinsa.

Da azahar ruwa ya ɓarke. Masu rawa suka koma ƙarƙashin rumfar makaranta, kiɗa bai tsaya ba. Mis Vernadine tana bakin ƙofarta tana saurare. Ta san kukan kowane famfo, kuma daga wajen jirgin Fitzroy ba ta ji komai ba. Batiranta masu caji duk suna cikin jiragen mutane. Saura ɗaya, wanda ke riƙe da ɗan firijin da take ajiye kifin sayarwa. Ta cire shi.

Matan da ke dafa rondon, miyar kifi da madarar kwakwa, su suka gan ta: baro ya kafe a taɓo, ta rungumi batirin a ƙirji ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar ruwa ya kusa taɓa injin. Ta haɗa waya, famfo ya tashi, ita kuma ta kama bokiti tana kwarfewa.

Fitzroy ya iso a guje, jiƙe sharkaf.

“Anti, wallahi ni…”

“Rufe min baki ka kama bokiti. Rantsuwa ba ta kwarfe ruwa.”

Jirgi ya tsira. Kifinta kuwa ya lalace, ta zuba wa karnuka, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Mis Vernadine, ke ce kunnen gaɓa. Ke ce kika sa muka ci abincinmu hankali kwance alhali ruwa na dukan kwanon rufi. Mun sha zaginki, kuma ba ki taɓa zagin mu a kan ƙarya ba. Yanzu bayanki ya ƙi, likita a birnin Bluefields ya hana ki ɗaukar nauyi, kuma gaskiya abin ya dame mu, don mu muka ɗora miki shi. Fitzroy ne ya karɓi baron. An ce har faɗan ya koya, sai dai bai kai ki iyawa ba.

Mun gode, Anti. Ku kuma masu jirage, kada ku jira a kira sunanku: ku share ƙasan jirginku, ku ɗaga maɓallin ku ji da kunnenku, ku bar batir inda aka ajiye shi.

Bikin sallamarta ya faɗo a watan Mayu. Wani ya kawo lasifika, ya dubi gaɓa, ya dubi Mis Vernadine, ya mayar da kayarsa gida. Ganga aka kaɗa. Da ruwa ya sauko, sai ta ɗaga hannu, makaɗa suka dakata, muka tsaya muna jin famfunan suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Babu famfon da ya yi shiru.